CCI 500, Federal 100, Winchester WSP ko Remington 1½: wacce za ka ɗauka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun da asuba, aiki ne ya hana ni zama sai yanzu. Ka ce ka sayi injin ɗurin harsashi, kana da fistol mai cin 9mm wadda ba ka taɓa komai a cikinta ba, da kuma libarba .357 Magnum da wani makanikin bindiga ya sassauta wa sifirin don kunamarta ta yi laushi. Ka je shago ka tarar da firaima iri huɗu, CCI 500 da Federal 100 da Winchester WSP da Remington 1½, kowacce an rubuta mata cewa ta ƙaramar fistol ce, kai kuma kana neman wadda za ta yi maka aiki a bindigogin biyu.

Don 'yan'uwan da ba su cikin harkar, firaima ita ce 'yar hular ƙarfen nan da ke tsakiyar gindin harsashi, wadda allurar bindiga ke duka ta yi tartsatsi ta kunna albarushi. Kyastun harsashi ke nan. Zancen nan kuma na nan Amurka ne, inda doka ta yarda mai harbin gasa ya ɗura harsashinsa a gareji. A gida Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ba ta yarda mutum ya riƙe harsashi babu lasisi ba, balle ya zauna yana haɗawa.

Duka huɗun faɗinsu ɗaya ne, inci 0.175, kuma ramin da ke gindin kwanson 9mm da .38 Special da .357 Magnum duk wannan awon ne. Gininsu ma ɗaya: ɗan ƙoƙo na tagulla, sinadari mai tashi da duka a ciki, sai 'yar maƙera mai ƙafafu da ke tokare shi. Inda suka rabu shi ne taurin ƙoƙon da saurin tashin sinadarin, kuma nan ne bindigoginka biyu za su ba ka amsa daban-daban.

CCI 500, wadda ake yi a Luwiston ta jihar Aidaho, ita ce aka fi sani da taurin kai a cikinsu. Fistol ɗinka ta 9mm ba ruwanta, tunda sifirin ɗinta na kamfani ne, dukan da take yi ya isa har da saura. Taurin ma alheri ne ga sabon shiga, domin ƙoƙon ba ya lotsewa da wuri idan hannunka ya karkace wajen sawa. Ita nake zuba wa tawa 9mm ɗin shekara da shekaru. To amma libarbar da aka rage wa ƙarfin guduma, musamman idan kana jan kunama kai tsaye ba ka ɗana gudumar da yatsa ba, tana iya dukan CCI ka ji ƙas, shiru. A filin gasa babu abin da ya fi wannan ƙas ɗin ɓata rai.

Federal 100 kuwa, ta garin Anoka a Minisota, ita ce kishiyarta. Da ɗan taɓi take tashi. Je ka zagaya cikin masu gasar libarba, waɗanda aka gyara wa bindiga har kunama ta zama kamar man shanu, ka tambaye su abin da suke sawa. Kusan baki ɗaya Federal za su ce maka, wasu ma makanikin da ya yi musu gyaran ne ya sharɗanta musu haka. Saurin tashin nan yana da nasa farashin. Ka lura da girman fakitinta a kan kanta: ƙwaya ɗari ɗaya ce kamar sauran, amma tiren ya fi na CCI girma nesa ba kusa ba, an ware kowace ƙwaya da 'yar'uwarta don kada ɗaya ta tashi ta ja saura. Kamfanin Lee ma ya daɗe yana gargaɗi a takardun wasu kayansa na sa firaima cewa kada a zuba musu Federal. Ba ka faɗa mana injin wane kamfani ka saya ba, don haka buɗe takardarsa ka karanta kafin ka kashe kuɗinka.

Winchester WSP tsaka-tsaki ce. Ba ta kai Federal laushi ba, ba ta kai CCI tauri ba, launinta ruwan tagulla, kuma awo da yawa a littattafan ɗuri da ita aka gwada su. Idan gyaran da aka yi wa libarbarka kaɗan ne, wataƙila ita kaɗai ta riƙe maka bindigogin biyu. Ba ni da wani dogon zance a kanta, aikinta take yi.

Remington 1½ ce nake so ka tsaya a kanta. Ɗauki kwalin ka juya bayansa. Kamfanin da kansa ya rubuta kada a yi amfani da ita a harsasai masu ƙarfin matsi irin su .357 Magnum da .357 SIG da .40 S&W, domin ƙoƙonta siriri ne, yana iya hujewa iska mai zafi ta dawo baya ta ci fuskar bindiga da bakin allura. Don irin waɗancan suka yi 5½. A .38 Special mai sauƙi ko .380 lafiya lau take, ba a ce ba ta da kyau ba. Sai dai kai da libarbarka ta .357 ke cin .38 ma, kwanson .38 da na .357 za su riƙa cakuɗuwa a tebur ɗaya, ga ka sabon hannu, me ya kai ka ajiye abin da wata rana za ka manta ka sa inda aka hana? Ni ko a 9mm ba na sa ta, tunda matsin 9mm da na .357 Magnum duka iyakarsu 35,000 psi ne a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka.

Wani abin dariya: CCI da Federal da Remington yanzu duk 'yan gida ɗaya ne. Vista Outdoor, mai CCI da Federal a lokacin, ta sayi sashen harsashin Remington a 2020, sannan a 2024 kamfanin Czechoslovak Group na ƙasar Cek ya saye su gaba ɗaya. Ubangida ɗaya, hali daban.

Za ka kuma ga masu lakabin magnum, CCI 550 da Federal 200 da WSPM. Kada sunan ya ruɗe ka ka ɗauka duk harsashin .357 Magnum sai da su. Albarushin ne ke zaɓa. Irin su H110 da W296, waɗanda a gaskiya abu ɗaya ne a gwangwani biyu, masu wuyar kamawa ne, suna son wuta mai ƙarfi da ta daɗe, ballantana a sanyin Janairu na nan. Albarushi mai saurin ci na 9mm da .38 ba ya bukatar haka. Abin da littafin ɗuri ya rubuta a saman shafin awon, shi za ka bi. Duk ranar da ka canza firaima, ko daga kamfani zuwa kamfani ne kawai, koma awon farko na littafin ka hau a hankali kana duba kwanso. Firaimar ƙaramar raifal ma tana shiga ramin daidai, kuma lokacin ƙarancin 2020 da 2021, da kwalin dubu ya tashi daga wajen dala 30 ya haura 100 in ma ka samu, mutane da yawa sun yi wannan dabarar. Kai dai bar ta. Ƙoƙonta ya fi kauri, libarbarka ba za ta ji daɗinta ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya same ni, don shi ne ya fi duk wannan kwatancen amfani. Farkon farawata na ɗura 9mm guda ɗari biyu, na tafi filin harbi ina ji da kaina. Cikin hamsin na farko wajen shida suka ƙi tashi. Abin mamaki, in na mayar da su na sake harbawa, sai su tashi. Na dawo ina ta zagin firaimar, har na yi niyyar mayar wa mai shago sauran. Wani dattijo Bature da ke teburin kusa da ni ya karɓi guda ɗaya, bai ce komai ba, ya tsayar da shi a kan gilashin wayarsa. Harsashin ya riƙa rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Ya kama yatsana ya goga a gindin, sai na ji firaimar ta ɗan turo waje. Ashe ban kai ta ƙasan rami ba. Dukan farko tura ta ciki yake yi, na biyu ne ke tayar da ita. Laifin hannuna ne, tsoro ya sa nake sakin mariƙin injin da wuri.

Firaima sai ta zauna daram, ƙafafun maƙerar sun taɓa ƙasan ramin, fuskarta ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso da kamar inci 0.003 zuwa 0.005. Ido ba ya gani sosai, yatsa ne ke ji. Wadda ta turo waje ba ƙin tashi kaɗai take yi ba: a libarba tana iya cije silinda ta hana ta juyawa, a fistol kuma tana iya tashi tun bindigar ba ta gama rufewa ba. Kuma kada ka kuskura ka sake danna ta bayan ka riga ka zuba albarushi ka sa kan harsashi. A warware shi tukuna.

Kwanson da kake tsinta a filin harbi ma ka tantance. Na soja an matse bakin raminsu, sai ka gyara kafin sabuwa ta shiga, in ba haka ba za ka murƙushe ta. Wanda ka leƙa ciki ka ga huji biyu maimakon ɗaya a tsakiya, irin na Berdan ne, jefa shi a bokitin tagulla kafin ya karya maka allurar cire firaima. Ka sa tabarau duk lokacin da kake wannan aikin, ka bar su a tirensu na asali, kada ka juye su a kwalba ko gwangwani wuri ɗaya, ka kuma wanke hannu kafin ka ci abinci saboda dalma.

Da ni ne a shagon nan da bindigoginka, kwalin dubu na CCI 500 ko WSP zan ɗauka don 9mm, duk wanda ya fi araha. Libarbar kuwa kada ka saya mata dubu tukuna. Ɗauki tire ɗaya na Winchester, tire ɗaya na Federal in injinka ya yarda da ita, ka ɗura .38 Special hamsin-hamsin, ka tabbata kowacce ta zauna, ka harbe su da jan kunama kai tsaye. In Winchester ta tashi hamsin cif, ka huta, iri ɗaya ya ishe ka. In ta ƙi ko da sau ɗaya ne alhali zamanta daidai, to Federal ce abincin wannan bindigar, ko kuma ka koma wurin makanikin ya ƙara wa sifirin ƙarfi kaɗan.