Katunan tarihin jarumai na wani shagon bugu a Kaduna: bugun ya yi kyau, rubutun na buƙatar malami

Makarantu masu zaman kansu da islamiyyu a Kaduna sun shiga yayin sayen katunan tarihi, waɗanda ake sa hoton mutum a gaba, a baya kuma a rubuta taƙaitaccen labarinsa. Wani shagon bugu da ke tsakiyar gari, ba nisa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya fitar da nasa kwalin, kuma yana karɓar aikin wanda ke son a buga masa na kansa. Mu da muka duba kayan, cikinmu akwai masu koyar da tarihi, akwai masu aikin ɗab'i. Ra'ayinmu ya zo ɗaya: hannun masu shagon a kan inji abin yabo ne, amma kada malami ya miƙa wa ɗalibi katin nan kafin ya karanta bayansa da jan biro a hannu.

Kwalin na ɗauke da kati 40, girman A5, wato milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo. Kati 24 na magabata ne da shugabanni, 8 na jaruman tatsuniya, 8 na dabbobin da suka yi suna. Rubutun kowane kati bai wuce kalma 100 ba.

Takardar mai kauri ce, giram 300 a kowace murabba'in mita, ba ta lanƙwashewa a hannun ɗan aji uku. An lulluɓe ta da leda mara sheƙi, kuma zaɓin ya dace, domin mai sheƙi tana mayar da hasken taga cikin idon yaron da ke zaune a gefe. An zagaye kusurwoyin don kada su soki yatsa. Rubutun da baƙar tawada zalla aka buga shi, shi ya sa haruffan suka fito tsaf. Shaguna da yawa suna barin kwamfuta ta haɗa baƙi daga launuka huɗu, da zarar takarda ta ɗan goce a inji sai ka ga harafi da inuwar ja ko shuɗi a gefensa. Nan babu wannan. Aibin da muka gani a tsofaffin hotuna ne marasa launi: na Tafawa Ɓalewa ya fito da ɗan kore-kore a fuska, saboda shi an bar shi a launi huɗu. Gyaransa ba wuya, a mayar da hoton zuwa toka-toka kafin a tura wa inji.

Sai haruffa masu lanƙwasa. A cikin jikin rubutu ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, amma a kanun katin an yi amfani da wani salon rubutu na ado wanda ba shi da su, sai kwamfuta ta aro su daga wani salon. A sunan Ƙoƙi harafin farko ya fi sauran siranta, ya kuma ɗan nutse ƙasa da layi. Salo irin su Andika da Charis SIL da Noto Sans suna da waɗannan haruffa manya da ƙanana, kuma kyauta ake sauke su. Andika ma don masu koyon karatu aka tsara shi. In an gama tsari a manhajar zane ta CorelDRAW, a mayar da rubutun ya zama zane kafin a kai fayil ɗin wata kwamfutar, in ba haka ba haruffan kan koma 'yan akwatuna.

Babbar maganar tana bayan kati. Da gani daga intanet aka kwaso rubutun aka fassara, ba wanda ya zauna ya tace. Katin Sir Ahmadu Bello ya kira shi Gwamnan Arewa. Sardauna Firimiya ne, daga 1954 har zuwa daren 15 ga Janairun 1966 da aka kashe shi a gidansa a nan Kaduna. Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966 Sir Kashim Ibrahim ne, wanda gidan gwamnatin Kaduna ke ɗauke da sunansa har yau. Yaron da ke wucewa ta ƙofar gidan nan kullum a Keke Napep ya cancanci ya san bambancin mutanen biyu. Haka katin Tafawa Ɓalewa ya ce shugaban ƙasa, alhali Firayim Minista ne tun 1957, kuma Nnamdi Azikiwe ne ya riƙe kujerar shugaban ƙasa da aka zama jamhuriya a 1963. Irin wannan kuskure in ya shiga kan yaro yana ɗan shekara tara, har zauren jarrabawa yake bin sa.

Katin Sarauniya Amina ya fi ba mu aiki. An rubuta 1533 zuwa 1610 kamar an ga takardar haihuwarta. Masana ba su haɗu a kan zamaninta ba. Kundin tarihin sarakunan Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta shafe shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000. Wasu masanan kuma, bisa jerin sarakunan Zazzau, suna ɗaukarta 'yar Bakwa Turunku ce, a ƙarni na 16. Tsakanin ra'ayoyin biyu akwai fiye da shekara 100. Abin da ya kamata a rubuta shi ne ta yi zamani a ƙarni na 15 ko na 16, ta faɗaɗa ƙasar Zazzau, kuma ana danganta ganuwoyi da dama da ita har ana ce musu ganuwar Amina. Wannan ya ishi kati, kuma gaskiya ne. Gaya wa yaro cewa malamai sun saɓa a kan abu darasi ne mai amfani, domin daga nan yake fara fahimtar yadda ake gano tarihi.

Shekarun Shehu Usman ɗan Fodiyo daidai suke: haihuwa a Maratta a 1754, hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, rasuwa a Sakkwato a 1817. Sai dai an manna masa fuskar wani dattijo mai farin gemu, irin hoton da manhajar ƙirƙirar hoto ke fitarwa. Ba a fito da fasahar ɗaukar hoto ga jama'a ba sai 1839 a Faransa, shekara 22 bayan rasuwar Shehu. Babu hotonsa, babu na Muhammadu Bello, babu na Nana Asma'u. Wannan ya dame mu ƙwarai, don yaro ya fi yarda da idonsa a kan abin da malami ya faɗa, ga kuma iyaye da yawa da ba za su so a ƙaga wa waliyyi fuska ba. Hoton Hubbare, ko shafin rubutun hannu na ajami, ko taswirar da ta nuna Degel da Gudu da Alkalawa, kowanne zai cike gurbin kuma ya ƙara ilimi.

Katin Nana Asma'u babu kuskure a cikinsa, amma ya ɓata wurinsa a kan kirari. Rabin kalmomin sun tafi a kan cewa ta shahara, ta yi fice, babu kamarta. Ba a ambaci 'yan taru ba, wato ƙungiyar ilimantar da mata da ta kafa, ba a ambaci jajoji ba, matan da take naɗawa da malfa su zaga ƙauyuka suna koyar da 'yan uwansu mata ta hanyar waƙoƙi. Ba a ce ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa ba. Mai kalma 100 kacal ba shi da sararin yabo. Ya faɗi inda aka haifi mutum da shekarar, aiki ɗaya ko biyu da ya yi, sannan wani abu da yaro zai iya gani da idonsa.

A nan ne katunan ƙarni na 20 suka yi zarra. Na Ladi Kwali ya ce wa yaro ya duba bayan takardar naira 20 zai gan ta tana ginin tukunya. Na Janar Murtala ya kawo ƙara jihohi daga 12 zuwa 19 a 1976, ya haɗa da Dandalin Murtala. Na Malam Aminu Kano ya kawo kafa jam'iyyar NEPU a 1950 da rasuwarsa a 1983, na Hajiya Gambo Sawaba ya kawo Zariya da ɗaurin da ta sha saboda 'yancin mata. Da an bi wannan tsari a na Sardauna, da an tura yara Gidan Arewa su ga inda ya zauna. Mun kuma yi mamakin kwalin da aka buga a Kaduna amma babu Dakta Barau Dikko na Wusasa, likita na farko daga Arewa, babu Sarkin Kagoro Gwamna Awan, alhali kowannensu akwai asibiti da sunansa a garin nan.

Ɓangaren tatsuniya ya fi kowanne kyan zane. Gizo ya fito da idanun mai shirya makirci, Ƙoƙi na gefe da tsintsiya, Dodo kuma bai kai ya hana ƙaramin yaro barci ba. Matsala ɗaya ce, wurin Bayajidda. An sa shi cikin magabata, har da shekarar da ya kashe macijiya. Labarin Bayajidda da Daurama da Bawo tarihin baka ne, gadon da ya cancanci girmamawa, kuma rijiyar Kusugu tana nan a Daura ana ziyartarta. Amma ba irin shaidarsa ɗaya da ta jihadin 1804 ba, wanda waɗanda suka halarta suka rubuta da hannunsu. Shawararmu ga shagon ita ce ya yi wa katunan baki kala uku: kore ga rubutaccen tarihi, rawaya ga tarihin baka, ja ga tatsuniya. Ba ya ƙara ko kwabo a kuɗin bugu.

Na dabbobi yawanci lafiya lau. Hachiko, karen Japan da ya riƙa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiran maigidansa da ya rasu a 1925 har shi ma ya mutu a 1935, an kawo shi daidai. Laika, karyar da Tarayyar Sobiyet ta harba sararin samaniya a Nuwamban 1957, ita ma haka. Katin Ƙaswa, taguwar Manzon Allah (SAW) da ta durƙusa a inda aka gina masallacin Madina, ya yi kyau. A cire katin kyanwar da ake kira Mu'izza, wadda aka ce an yanke hannun riga don kada a tashe ta daga barci, domin labarin ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi. In kyanwa ake so, ga Abu Huraira, wanda laƙabinsa ya samo asali daga 'yar kyanwar da yake ɗauka. Karen Ashabul Kahfi kuma Alƙur'ani ya ambace shi a aya ta 18 ta Suratul Kahfi, amma bai faɗi sunansa ba, don haka a rubuta cewa sunan Ƙiɗmir daga ruwayoyin masu tafsiri ya zo. Katunan da ke ɗauke da aya ko sunan Annabi (SAW) malami ya ware su a wurinsa, kada su shiga cikin waɗanda yara ke watsawa a ƙasa.

Aikin da shagon ya fi ƙwarewa a kai shi ne na oda. Masu dawaki da masu tattabaru suna kawo hoton dabbarsu a yi musu kati ko fosta ta A3 a firam. Ga doki ana rubuta suna, launi, ko kili ne ko akawal ko danda, shekaru, da hawan da ya halarta. A ɗauki hoton da hantsi, rana na bayan mai ɗauka, a durƙusa daidai ƙirjin dokin, domin in an ɗauka daga sama ƙafafuwa kan fito gajeru. Akawal yana son bango mai haske a bayansa, in ba haka ba sai ya fito dunƙulen baƙi babu ido babu geza. In ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin fayil, don in aka tura shi a matsayin hoto manhajar tana matse shi. Katin A5 na buƙatar ɗigon hoto 1748 a 2480, fostar A3 kuwa 3508 a 4961. Ƙasa da rabin haka, gashin dabbar zai fito kamar an shafa shi da yatsa.

Wanda zai ba da odar makaranta ya rubuto rubutunsa da kansa, ya ba malamin tarihi da malamin Hausa su duba, sannan ya nemi a buga masa samfur ɗaya a kan ainihin takardar kafin ya ba da kafin alƙalami. Launin da ke kan allon kwamfuta ya fi na takarda haske, fuskar baƙin mutum kan ƙara duhu a bugu, sai an ɗan ƙara mata haske. A karanta samfurin da ƙarfi, shekara bayan shekara, tun ba a sa leda ba, domin sa leda a kan kuskure kitso ne da ƙwarƙwata, ba ya gyaruwa sai an sake bugu. A ce su bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. In ledar aljihu, wadda ake zura takarda a ciki a liƙe, za a sa wa fosta, a bar bakinta ya zarce takardar kaɗan, don in aka yanke daf da takarda, danshin damina na shiga ta ɓare. Kada a rataye ta inda rana ke duka kai tsaye: ja da rawaya ne ke fara kodewa, kafin zangon karatu biyu fuskar ta koma shuɗi-shuɗi. Shagon ba ya cajin gyaran rubutu muddin ba a kai ga sa leda ba, amma sai mai oda ya sa hannu a kan samfurin kafin su kunna inji.