Takarda, waya ko Kindle: wanne ya dace da karatunka?

Wani abokina ya ce yana son ya koma karatu, wai Kindle, na'urar karanta littattafai, zai saya ko tablet, ko ya ci gaba da littafin takarda. Na ce masa tsaya tukuna, wane irin abu kake karantawa?

Waya dai kowa na da ita kuma littafi dubu zai shige ciki, amma wallahi ni ban taɓa gama babi guda a waya ban leƙa WhatsApp ba, kana tsakiyar shafi saƙo ya faɗo, ka ce bari in duba minti ɗaya, kafin ka farga rabin awa ta tafi har ka manta inda ka tsaya. Tablet ma halinsu ɗaya, sai dai in PDF kake karantawa mai zane da jadawali, faɗin allonsa ya fi.

Kindle kuwa, wanda Amazon ta fara fitarwa a 2007, allonsa kamar takarda yake, ko cikin rana tsaka ba ya ƙyalli, caji ɗaya ya kai ka makonni. Kusan ba abin da ya iya sai karatu, kuma ni abin da ya sa nake son sa kenan. Amma PDF a allon inci 6 azaba ce. Sannan littafin da ka biya a can izinin karantawa ka saya, ba mallaka ba, a 2009 ma Amazon ta taɓa goge wasu littattafai daga na'urorin mutane ta mayar musu da kuɗinsu. In tsofaffin littattafai na kyauta kake so, shafin intanet na Project Gutenberg na da sama da 70,000, kuma Kobo, wata na'urar karatu irin Kindle, na buɗe EPUB, wato nau'in fayil ɗin da irin waɗannan littattafan ke zuwa a ciki, kai tsaye. Ka kuma gwada rubutun Hausa kafin ka biya, wani salon haruffan ba shi da ƙ da ɗ, sai ka ga ɗan akwati a wurinsu.

Abu mai nauyi da ake son a fahimta, ni har gobe takarda. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike da dama ya nuna an ɗan fi gane rubutun ilimi a takarda kan allo, a labari kuwa bambancin bai fito ba. Ga ja layi da biro, ga tuna cewa maganar tana can ƙasan shafin hagu. Matsalarsa nauyi da ruwa da gara, da masu aro ba su dawo da shi.

Shi abokin nawa labarai yake karantawa kafin barci, don haka na ce ya ɗauki Kindle mai fitila a jiki, ya bar wayar tana caji a falo.