Wurin da muka kai Hajiya hoton MRI a Ikeja

Kusan wata uku Hajiyarmu tana fama da ciwon kai da jiri, ƙarshe likita ya ce sai an yi mata hoton MRI na ƙwaƙwalwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da inji mai babban maganaɗisu, ya tura mu wani wurin ɗaukar hoto a Ikeja. Tun bayan sallar asuba muka baro Agege saboda gosulo, ƙarfe tara aka ba mu amma wallahi sai wajen sha biyu aka kira mu, tsohuwa tana zaune a kan kujerar roba ga sanyin esi, kuma babu wanda ya zo ya ce mana ku yi haƙuri ga dalili. Wannan ya ɓata min rai sosai. Kuɗin ma akwai zafi, sai da muka haɗa da ƙannena biyu. Sannan duk wurin ba mai jin Hausa ko ɗaya, ni na zama tafinta.

Amma matar da ke kula da injin, Allah ya saka mata da alheri. Bayarabiya ce, ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta bi ta da tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: an taɓa yi mata aiki an sa ƙarfe? Akwai batirin zuciya? Ta sa aka cire 'yan kunne da fil ɗin mayafi, har kwallin ido sai da aka goge, haƙorin Makka kuma ta duba ta rubuta a takarda. Sai ta ɗora ta a sikeli.

To ni aikin wayarin nake yi a gidaje, shekara goma sha biyar kenan, shi ya sa na kasa yin shiru na ce madam me ya haɗa nauyi da hoto? Ba ta ƙosa ba. Ta ce injin yana harba igiyar rediyo cikin jiki, nama yana shanta ya ɗan ɗumama, da nauyin mutum injin ke lissafin iyakar da ba zai wuce ba. Nasu mai ƙarfin tesla 1.5 ne (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), igiyarsa kusan megahaz 64, wato ƙasa da tashoshin FM da muke kamawa daga 88 zuwa 108. Mai tesla 3 kuma yana wajen 128.

Nan fa hira ta yi daɗi, don ashe abin da na sani a wajen aiki, cewa jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe jan wuta, shi ne a cikin jiki. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yana da gishiri, wuta na bi ta cikinsa da sauƙi, kusan simens 2 a kowace mita (simens ma'aunin sauƙin wucewar wuta ne), naman ƙwaƙwalwar kansa bai kai 1 ba, kitse da ƙashi kuwa ɗan kaɗan ne. Tunda kowane nama da yadda yake lanƙwasa igiyar rediyon nan, masana sukan auna lanƙwasar daga hoton MRI su yi lissafi su fitar da taswirar yadda kowane sashe ke wuce da wuta, ba tare da an jona wa mutum waya ko an tsaga shi ba. Da na bi abin a wayata ina jira sai na ga tun 1991 aka kawo shawarar, a 2009 kuma masu bincike na kamfanin Philips a Jamus suka nuna yadda za a yi. Ƙari mai cutar daji sau da yawa ya fi lafiyayyen nama wuce da wuta saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa, shi ya sa ake sa rai da hanyar. Abin da ya ƙara min yarda da matar nan, da bakinta ta ce wannan har yanzu a matakin bincike yake, kar in zata zan gani a sakamakon Hajiya.

Ana cikin ɗaukar hoton nepa suka ɗauke wuta, gabana ya faɗi, amma ko ƙiftawa fitilun ɗakin ba su yi ba, sai ƙarar janareta na ji ta baya. Duk wanda ya yi musu canjin layin nan ya san aikinsa. Maganaɗisun kansa dama ba a kashe shi dare da rana, ruwan hiliyam, wani gas da aka sanyaya ya zama ruwa, ke riƙe shi a sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, don haka ko injin ya yi shiru kar ka shiga da makulli a aljihu.

Ƙara kam akwai ta, kamar ana fasa kankare, sun toshe mata kunne sun ba ta wani ɗan abu ta matsa in ta tsorata. Wajen rabin awa ta yi a ciki ba motsi. Da ta fito na ce Hajiya ya kika ji? Ta ce salati ta yi ta yi a zuci har aka gama. Washegari na koma na karɓi sakamakon da faifan sidi, ba su ƙara min ko minti goma ba, ranar Litinin za mu kai wa likita. In za ku kawo tsoho wurin nan ku taho da rigar sanyi da wanda zai yi masa tafinta.