Sharhi Kan Rakiyar Kamun Kifi da Asuba a Gulbin Rima

A Kwalkwalawa, kusa da gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai masunta da suke karɓar kuɗi kaɗan su raka mai sha'awar kamun kifi da fatsa, ya shiga gulbi da ƙafarsa bayan sallar asuba. A Turai da Amurka kifayen bas da faik ake nema da irin wannan kamu, a nan Sakkwato kuwa giwan ruwa da tsage ne abin nema, ko da yake tarwaɗa da karfasa sun fi yawan cin ƙugiya.

Abin da ya cancanci kuɗin shi ne sanin ƙasan ruwa da dattijon da ya raka mu yake da shi. Yana gaba yana caka gora, yana nuna inda rairayi yake da tauri da inda laka take riƙe ƙafa, kuma da ya ga ruwan ya yi duhu yana juyawa a hankali sai ya ce, "Malam, ja baya, gurbi ne." Ya kuma san ranakun da aka sako ruwa daga madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, domin a irin ranakun gulbin yakan ƙaru ba tare da an ga hadari ba, kuma duk wanda ya tuna ambaliyar 2010 ba zai raina wannan sani ba. Ya tsayar da mu a bakin ciyayi, inda ƙananan kifaye suke tsalle idan babba ya biyo su, a nan ne kuma muka samu ɗan giwan ruwa kafin hantsi.

Kayan aikin ne ba su gamsar da ni ba. Zaren fatsar siriri ne, babu waya a kusa da ƙugiya, alhali haƙoran tsage suna datse zare nan take, kuma haka muka rasa kifi mafi girma da ya ci koto. Abin da ya fi damuna shi ne rashin dogon takalmin roba, domin ta fata tsargiya take shiga jikin mai tsayuwa a ruwan da ke da katantanwa. Wanda zai je ya sayi nasa takalmin, ya tafi da zare mai kauri, kuma a daidaita kuɗin tun da dare.