Ƙofa a katanga, ko a bi ta zaure?

A cibiyar ajiyar bayanai a Accra, kamfanoni biyu na haya kan injina ɗaya, manhaja ta raba su, kowa da lambarsa ta VXLAN, fasahar da ke ware wa kowa tasa hanyar sadarwar. To, ta yaya za su gaisa?

Ana iya haɗa hanyoyinsu kai tsaye, kamar fasa ƙofa a katangar gidan haya a unguwar Nima. Akwai sauri, ga araha. Amma in adireshinsu na IP, lambar da ake gane kowace na'ura da ita, ya zo ɗaya, saƙo ya rikice, kuma ɓarawon da ya shiga nan ya leƙa can.

Ko kowane saƙo ya bi ta fayawol, mai gadin zaure: ya duba, ya rubuta, ya sauya adireshi da NAT, dabarar musanya adireshin IP da wani. Layi kan yi tsawo. Ni dai, in da banki a ciki, zaure zan bi.