Kamfanin da ya kai mu Takht-e Jamshid daga Shiraz

Wallahi har yanzu raina bai gama hucewa ba game da wannan kamfanin na masu kai baƙi yawon buɗe ido da otal ɗinmu a birnin Shiraz na Iran ya haɗa mu da su don su kai mu Takht-e Jamshid, kufan tsohuwar fadar sarakunan Farisa. An ce mota za ta zo bakwai na safe, ba mu ga ƙeyarta ba sai wajen goma, ga tafiyar kusan kilomita 60, muka isa rana ta take, wurin kuma dutse ne zalla a gindin tsauni, inuwa sai ka nema.

Amma gaskiya ina fara hawa matakalar shiga wurin mai taki 111 sai fushin ya ragu. Takun gajeru ne sosai, ko tsoho zai hau ba haki, jagoranmu ya ce don manyan baƙi masu dogayen riguna su hau cikin ƙasaita aka yi su haka. Shi Persepolis ɗin, kamar yadda Turawa ke kiransa, Sarki Dariyus na ɗaya ne ya fara gina shi wajen shekara ta 518 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗansa Zaksis ya ɗora da Ƙofar Dukkan Al'ummai, inda bijimai masu fukafukai da kan mutum ke tsaye har yau.

Inda na rasa bakin magana shi ne matakalar gabas ta fadar Apadana. An sassaƙa tawagogi 23 na ƙasashen da ke ƙarƙashin daular Farisa, kowa da irin tufafinsa da gaisuwar da ya kawo wa sarki, wani raƙumi, wani raguna, wani tuluna, kuma kowace tawaga akwai bafade riƙe da hannun shugabanta yana yi masa iso. Can ƙarshen layi na ga mutanen Kush, wato yankin Sudan na yau, ɗaya ya saɓa hauren giwa a kafaɗa, gashin kansu a nannaɗe ƙwaya ƙwaya kamar jiya mai sassaƙa ya ajiye guduma. Ƙasa ce ta binne bangon bayan Iskandar na Makidoniya ya cinna wa fadar wuta a shekara ta 330 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai a shekarun 1930 aka tono shi, shi ya sa bai lalace ba. Fada mai ginshiƙai 72, dogaye kusan mita 20, yanzu goma sha wani abu ne kawai a tsaye.

To ina nan tsaye ko rabin bangon ban gama ba jagora ya fara tafa hannu, Haji mota, Haji mota. Na roƙe shi minti goma ya ce lokaci ya ƙure. Lokacin da su suka cinye da safe fa! Da farko na yi niyyar yaba masa don ya san tarihi ba laifi, amma da na tuna Naqsh-e Rustam, inda kabarin Dariyus yake a sassaƙe jikin dutse, yana cikin kuɗin da muka biya kuma ta tagar mota kawai muka hango shi, sannan aka sauke mu a shagon darduma muka shafe kusan awa guda ana ba mu shayi ana ciniki, a'a ban yafe wannan ba.

Duk mai zuwa ya ɗauki tasi da kansa tun da sassafe, ya riƙe ruwa da malafa, ya nemi jagora a bakin ƙofa. Na yi wa kamfanin magana ta WhatsApp kan kuɗin Naqsh-e Rustam, sun karanta, yau kwana tara shiru.