Zoben Jan Yaƙutu Daga Kasuwar Zinare ta Dubai, Bayan Wata Takwas

Wata takwas ke nan da na sayi zoben jan yaƙutu a wani ƙaramin shago da ke kasuwar zinare ta Deira a Dubai, kuma na jinkirta wannan sharhi ne domin in ga yadda zai jure hidimar yau da kullum a hannun maiɗakina. A watan Yuli aka haife ta, kuma a jerin duwatsun watannin haihuwa da masu sayar da kayan ado na Amurka suka tsara a 1912, jan yaƙutu ne na wannan wata. Al'adar Turawa ce wadda ban ɗauke ta da wata ma'ana fiye da ado ba, amma ita ta ja hankalina zuwa ga dutsen.

Abin da ya sa na saya a wannan shago shi ne gaskiyar mai shi. Tun kafin mu fara ciniki ya shaida mini cewa dutsen daga yankin Montepuez na ƙasar Mozambik yake, inda aka gano yaƙutu a 2009, ba daga Mogok ta ƙasar Bama ba, wadda ta shahara da launin da ake kira jinin tattabara. Ya kuma ce an gasa shi da wuta domin jansa ya fito, kamar yadda ake yi wa mafi yawan yaƙutun da ke kasuwa, sannan ya miƙo mini takardar shaida daga wani ɗakin binciken duwatsu mai zaman kansa, wadda ta tabbatar da hakan. Wannan takarda ita ce rabin darajar zoben a wurina, domin akwai yaƙutun da ake cike tsagoginsa da gilashi, wanda ko ruwan lemun tsami yana iya lalata shi, akwai kuma na masana'anta da ake yi tun farkon ƙarni na 20, wanda ido kaɗai ba ya bambanta shi da na ma'adini.

Dutsen bai kai karat ɗaya ba, wato bai cika kashi ɗaya cikin biyar na giram ba, amma a hasken rana jansa yana ci kamar garwashi. Har yau babu ko ƙwarzane a fuskarsa, abin da ba ya ba da mamaki tunda a ma'aunin taurin duwatsu yaƙutu yana mataki na 9, lu'u-lu'un daiman yana na 10. An ɗaura shi a kan zinare mai lamba 18 (lambar da ke nuna yawan tsantsar zinaren da ke cikinsa), kuma ko da yake matanmu sun fi son mai lamba 21 ko 22, na gamsu da bayanin cewa mai lamba 18 ya fi tauri, saboda haka ya fi riƙe dutse.

Aibinsa biyu ne. Ƙafafu huɗun da ke riƙe da dutsen sun yi tsini, suna kama mayafi da leshi, har sai da maƙerin zinare ya goge mana su bayan mun dawo. Na biyu ya fi damuna, domin mai shagon bai faɗa mini ba: masu sayen tsohon zinare a nan gida nauyin zinaren kaɗai suke biya, suna cire na dutsen. Macen da ke sayen gwal a matsayin ajiya ta ranar buƙata, awarwaro ya fi mata wannan zobe.